Kukan Shaho a Kunnen Hagu

Shekara biyu ke nan Rayyis Abdulghani, gogaggen matuƙin kwalekwale a Jidda, yana ɓoye wa 'ya'yansa cewa idonsa ya tafi. Ba duka ya tafi ba, tsakiyar ganin ce ta mutu. Duk abin da ya kalla kai tsaye sai wani tabo ya rufe shi, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a kan gilashi. Ta gefen ido kuwa yana ganin motsi da inuwar abubuwa, daidai yadda zai hau matakalar gidansu a unguwar Ammariyya ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Likitan da ya je wurinsa a ɓoye a unguwar Sharafiyya bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce abin ba ya komawa baya, ya haƙura da tuƙi, na tudu da na ruwa.

Na tudun ya haƙura. Ya ce wai cunkoson Jidda ne ya ishe shi, ya miƙa wa 'yarsa Zakiya makullin mota, har maƙwabta suna yaba masa da wayewa. Na ruwan kuwa, ko da wasa. Ya san 'ya'yansa maza sarai. Ranar da suka ji, ranar za su sayar da kwalekwalen, su dasa shi a falo gaban talabijin da carbi da shayi mara sukari, su riƙa ce masa ya huta. Mutumin da ya shekara arba'in da biyar yana shiga teku, ina hutu a nan? Kwalekwalen nan mai inji ɗaya, fari mai shuɗin baki, wanda ya sa wa sunan marigayiya matarsa Mastura, shi ne abin da ya rage masa, kuma ya ƙudurta ba mai raba shi da shi.

Kowace shekara, idan sanyin Jidda ya fara tattara kayansa, in ma za a kira ɗan abin nan sanyi, shi da Zakiya sukan tafi wani ɗan tsibiri mai nisan awa ɗaya da rabi daga gaɓa. Ba kowa a kansa, yashi ne da 'yan ƙananan ciyayi. Al'adar ta samo asali ne daga mahaifiyarsa, wadda ta zo daga ƙasar Hausa tana yarinya tare da ayarin mahajjata, ta bi ta Sudan, ba ta kuma sake komawa ba. Duk lokacin da tsuntsaye suka fara ƙetaro teku daga Afirka za su arewa, sai ta ajiye ruwa a kwano a saman ɗaki ta ce, "Baƙin gida sun iso." Sunanta aka sa wa Zakiya, shi ya sa bai taɓa kiran 'yar da sunanta ba, sai Ummi.

Zakiya ta gaji abin har ta zarce. Shekararta talatin da huɗu, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, amma ranar hutunta ta tsuntsaye ce. Tana da darbil, wato madubin hangen nesa, da kyamara mai dogon baki, da ɗan littafin da take rubuta duk abin da ta gani. Idan ta yi shakkar wani tsuntsu sai ta miƙa wa mahaifinta darbil, abin da ya ce shi za ta rubuta, ta ƙara a gefe: Abuya ya tabbatar.

Matsalar tsibirin ita ce sha'abi, duwatsun murjani da suka kewaye shi a kwance ƙarƙashin ruwa, masu kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Ƙofa ɗaya ce tak a gabas, faɗinta bai wuce kwalekwale biyu a jere ba. Can kudu da ita akwai wani tsohon jirgin ruwa da ya daɗe da mutuwa a kan sha'abin. A da launin ruwa yake karantawa. Da ido ya gaza sai ya samo dabara, kuma ya yi alfahari da ita a zuci ƙwarai. A bakin ƙofar, ɓangaren arewa, akwai wata tsohuwar sandar ƙarfe, kuma shekara da shekaru wasu shahon teku, mata da miji, suna sheƙa a kanta. Da sun ji inji ya matso sai su dasa kuka mai kaifi, ba sa fasawa sai ka wuce. In za ka shiga, ka bar kukan a kunnen dama. In za ka fita, ka bar shi a kunnen hagu, kusa-kusa. Bara haka ya yi, shiga da fita, ko gezau.

Bana sun fito ne a ƙarshen Fabrairu, bayan sallar asuba. Zakiya ta rubuta sunayensu a wurin masu gadin teku, shi kuma ya tsaya a bakin ruwa yana shaƙar iska. Ba iskar ma. Ta kwanta luf, ga wani gumi mai danƙo tun rana ba ta ɗaga ba, kuma kwanciyar ba ta yi masa daɗi ba.

"Rayyis, yau kuma baƙin gida za a gaisar?" Muryar Ismail ce, masunci, abokinsa tun suna samari a tsohuwar unguwar Balad.

"Su fa. Kai ina ka nufa?"

"Arewa da ku kaɗan. Zan leƙa ruwan cikin tsibirin in jefa raga don ƙananan kifi, in wuce." Ismail ya rage murya. "Kada ka kai la'asar. Azyab nake ji a gwiwata."

Azyab iskar kudu ce, mai zafi, mai tayar da teku ba sallama. Abdulghani ya yi dariya ya ce gwiwar Ismail ta fi shekara goma tana hasashen tashin duniya. A zuciyarsa kuwa murna ya yi, don ya samu wanda zai bi. Ya saki Ismail ya yi gaba, ya kama ƙarar injinsa da kunne, ya bi ta tiryan-tiryan.

Zakiya ta zauna inda take zama tun tana 'yar shekara bakwai, a tsakiyar kwalekwale, ta ba gaba baya tana fuskantar mahaifinta. Ba ta taɓa duba hanya ba. Me zai sa ta duba, alhali Abuya ne ke riƙe da inji?

Da suka kusa ƙofa ya ji ruwan ya sauya sauti a ƙarƙashinsu, sai ya kasa kunnen dama. Shiru. Ya rage wuta, ya ƙara kasawa. Ba kuka, ba kaɗa fuka-fuki, sai injin Ismail. A daidai nan Ismail ya juyo ya ɗaga murya yana faɗin wani abu, kuma ta gefen ido Abdulghani ya ga hannunsa a miƙe yana nuna arewa. Ƙarar inji biyu ta cinye maganar. Abdulghani ya ɗaga hannu ya gyaɗa kai irin na wanda ya gani ya kuma gane. Ya ce a ransa tsuntsayen kamun kifi suka fita, safiya ce ai.

Suka sauka. Ismail ya jefa ragarsa sau biyu, ya yi musu sallama, ƙarar injinsa ta yi ta raguwa har ta ɓace.

Tsibirin ya yi kyau bana, in ji Zakiya. Ruwan saman da aka yi a Janairu ya tayar da ciyawa, har da 'yan furanni rawaya a bayan tudun yashi. Tana tafe tana faɗa, rabi da Hausa rabi da Larabci, don Hausarta a kunne ta fi ƙarfi, a baki sai ta riƙa tuntuɓe. Shi kuma yana biye yana cewa masha Allah. Ƙamshin ciyawar dai ya ji shi da kansa, wannan ba ƙarya ya yi ba.

"Abuya, tsattsewa! Sun zo da wuri. Talatin, la, sun fi hamsin."

Ya ji su. Suna wucewa ƙasa-ƙasa, har ɗaya ta kusa taɓa masa hula. Tsattsewa ba ta yin ƙasa haka a banza.

Can gaba ta tsaya cak. "Alhudahuda ne a kan yashi. Bakinsa a buɗe. Abuya, bai gudu ba, ga ni a kansa."

"Gajiya ce, Ummi. Teku ya ƙetaro."

"Ga salwa ma. Uku. Su ma ba su tashi ba." Ya ji tana taka bakin ruwa a hankali. Da ta sake magana muryarta ta sauka. "Akwai matattu a nan. Ruwa ya turo su. Da yawa, wallahi."

Ya san ma'anar wannan. Wani abu ne a bayansu can kudu ya koro su, suka tashi ba shiri, masu ƙarfi suka iso, marasa ƙarfi suka faɗa ruwa. Mahaifiyarsa takan ce idan baƙin gida suka zo ba su da bakin gaisuwa, a kwashe shanya. Ya kamata a ce tun a lokacin ya ce su juya. Amma sau ɗaya ake zuwan nan a shekara, kuma wa ya san ko akwai baɗi? Ya ce su kai azahar tukuna.

Wajen hantsi ya ji abin da yake jira. Kukan shaho, siriri, daga nesa. Sanyi ya ratsa masa ƙirji. Suna nan ashe. Kukan ya ɗan yi masa kamar ya karkata kudu fiye da yadda ya sani, amma a fili irin wannan sauti yakan yi yawo.

Zakiya ma ta ji. Ta ɗaga darbil, ta daɗe, sannan ta saki wata dariyar mamaki. "Abuya, shuf! Ka ga abin da suka yi bana? Wallahi ban taɓa zata ba."

Ta danƙa masa darbil a hannu. Ya bi inuwar hannunta ta gefen ido, ya saita, ya kalla. Tabon nan ne, ya ƙara girma, da haske fari kewaye da shi.

"Na gani," ya ce. "Ikon Allah." Sai ya jefa ƙugiya irin tasa ta tsohon masunci. "Ke nawa kika ƙirga?"

"'Ya'yan? Biyu. Har sun fara gashi."

To, abin ke nan, 'ya'ya ne. Ya miƙa mata darbil yana jin daɗin wayonsa.

"Kuma wurin ya fi musu, ko?" ta ce tana rubutu. "Ya fi faɗi."

Wane wuri? Tambayar ta zo masa har bakin leɓe. Kalma biyu ce, yaro ma zai iya faɗinta. Amma wanda ya ce ya gani ba ya tambayar abin da ke gaban idonsa, kuma Zakiya ba sakarya ba ce, jini take karantawa a wurin aiki, balle fuskar ubanta. Ya ce a ransa ƙila sheƙar ce suka ƙara wa itace ta yi faɗi. Ya haɗiye tambayar ya ce, "Ya fi." Ya ji alƙalaminta yana tafiya a kan takarda, kuma ya san abin da take rubutawa a gefe.

Suka yi azahar, suka zauna cin burodin tamis da wake a inuwar kwalekwale. Bai kai loma ta biyar ba tsibirin ya yi tsit. Tsuntsaye ɗari nawa a wurin, amma ba ko ɗaya mai motsi. Sai wata iska mai ɗumi ta shafo masa kumatun dama, ya kuwa san gabas yake fuskanta.

"Ummi, yaya sama take ta kudu?" Ya yi maza ya gyara. "Ke ma kin ga abin da na gani?"

"Ta yi kalar shayi da madara." Ta miƙe. "Abuya, tsattsewa sun sauka a kan Mastura. Sun jeru a baki, ba sa tsoro."

"Halas. Kwashe kaya. Yalla!"

Kafin su tura kwalekwalen cikin ruwa iskar ta riga ta yi ƙarfi. Rana ta shige cikin hazo, ya rasa ɗuminta a ƙeya, wanda da shi yake sanin gabas. Ruwan cikin tsibirin da ke kwance da safe ya fara tsalle yana watso musu gishiri. Zakiya ta zauna wurinta, ta ba gaba baya, ta duƙufa tana naɗe kyamara da littafi cikin leda. Tsattsewa ɗaya ta ƙi tashi, ta maƙale a ƙarƙashin benci, sai ta kama ta ta cusa cikin rigarta.

Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji a teku ba. Ya so ya ce, Ummi, juya ki duba mana hanya. Da ta juya, da ta tambaya, da ya amsa, da yau ce ranarsa ta ƙarshe a kan inji. Minti biyar ne kawai tsakaninsa da buɗaɗɗen teku. Bara ma ya yi.

Sai ga kukan, ƙarara, biyu a tare, uwa da uba suna zagin inji. Alhamdulillahi. Ya karkata kan Mastura har kukan ya dawo masa kunnen hagu, ya matsa kusa kamar kullum, ya ƙara wuta don igiyar ruwa kada ta ture shi gefe. Kukan ya yi ta matsowa. Wani abu dai bai yi masa daidai ba. A bakin ƙofa ruwa yakan yi zurfin murya, nan kuwa gabansa yana jin shi yana tafasa yana fashewa. Ya ce azyab ce. Ya ƙara wuta.

Inuwa ce ta sa Zakiya ta ɗago. Wani baƙin abu mai tsatsa ya wuce ta gefenta, abin da bai kamata ya zo kusa da su haka ba. Ta waiwaya.

"Abuya! Ina za ka? Abuya, sha'abi!"

Ya fizgi inji, amma ina. Mastura ta hau dutse da wani gurnani mai tsawo, ta ɗaga kai, ta faɗo ta gefe. Injin ya yi ƙara ɗaya ya mutu. Ya tsinci kansa a durƙushe, bakinsa da gishiri da jini, ruwa yana shigowa ta ƙasan benci da sanyinsa.

"Ummi! Ummi!"

"Ga ni. Ga ni nan." Ta riƙo shi tana haki. Igiyar ruwa ta zo ta ɗaga kwalekwalen ta sake maka shi. Ya ji ta zaro waya tana kiran Ismail, tana ihu da Larabci, tana maimaita wurin sau uku. Da ta gama ta ce Ismail ya ce yana zuwa, rabin awa in teku ya bar shi, ya kuma ce su fita daga kwalekwalen kafin ya kife a kansu.

Sannan ta juyo gare shi, kuma bai buƙaci ido ba don ya san irin kallon da take masa.

"Ƙofa tana can, Abuya. Can arewa, da nisa. Me ya kawo mu nan?"

"Shahon..." ya ce. "Na bar su a hagu."

"Shahon ba sa ƙofa! Sandar ta faɗi, babu ita. Baffa Ismail ya nuna maka da safe, ka ɗaga masa hannu. Sun koma kan tsohon jirgin nan da ya mutu a kan sha'abi. Ni da kaina na ba ka darbil." Muryarta ta karye. "Ka ce ka gani."

Iska tana ta bugu, shahon suna ta kuka a samansu. Ya nemi wata ƙaryar, ya duba ko'ina a cikin kansa, babu saura.

"Ban gani ba, Ummi."

"Yau?"

"Shekara biyu. Ko fuskarki."

Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ya ji numfashinta kawai, da ɗan motsin tsattsewar nan a cikin rigarta. Kunya ta rufe shi, ba ta makanta ba, ta cewa ya ɗauko 'yarsa ya zaunar da ita tana ba hanya baya, don kada a raba shi da katako da inji.

Wata igiyar ta zo, wani abu ya tsage a ƙarƙashinsu.

"Tashi," ta ce. Muryar ta zama irin wadda take yi wa marasa lafiya. "Za mu taka zuwa tsohon jirgin, ya fi tudu. Sa hannunka a kafaɗata. Inda na taka za ka taka."

Suka sauka. Ruwan ya kai musu ƙugu, yana ja yana turawa. Takalminta ɗaya ya tafi tun a karon farko, kuma duk takun da ta yi yana jin kafaɗarta tana ƙanƙancewa a ƙarƙashin tafinsa, murjani yana yankar ta. Ita ce ke cewa dama, hagu, tsaya, ɗaga ƙafa. Rayyis Abdulghani, wanda ya koya wa rabin masuntan gaɓar nan hanyar ƙofa, yana biye yana cewa to.

Da hannunsa ya taɓa ƙarfe mai tsatsa sai ta ɗora shi a kai ta ce ya riƙe da kyau. Shahon suna shawagi dab da kansu, warin kifi da kashin tsuntsu ya cika wurin. Babu ƙarar injin Ismail tukuna, ya kasa kunne ta ko'ina, sai iska.

Ya juya inda suka baro. Ya buɗe ido iyakar ƙarfinsa ya kalli wurin kai tsaye, tabon ya zauna daidai inda suka bar Mastura. Ta gefe yana ganin farin kumfa dama da hagu, tsakiya ba komai.

"Ummi, Mastura fa? Tana nan?"

A daidai lokacin ya ji ta. Ƙara ce doguwa, ta rabuwar ƙashin bayan kwalekwale, sannan ƙananan ƙararraki, sannan ruwa kawai. Kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Zakiya ta daɗe tana kallon wurin. Ta gyara masa riƙon ƙarfen, ta ɗora hannunta a kan nasa.

"Tana nan, Abuya," ta ce. "Ina ganinta."